Attaura ko kaki: rikicin ɗaukar 'yan Haredi aikin soja a Isra'ila

Ranar 30 ga Oktoban 2025 aka rufe babbar hanyar shiga Birnin Ƙudus. Maza 'yan Haredi wajen 200,000, bisa ƙiyasin kafofin yaɗa labaran Isra'ila, suka cika titi sanye da baƙaƙen kwat da baƙaƙen malafu, suna karanta Zabura suna addu'a. Wanda ya ga hotunan zai iya ɗauka Yahudawa ne suka fito nuna adawa da yaƙin Gaza. Abin da ya fito da su daban ne. Sojoji sun fara kama ɗaliban makarantun addini da suka ƙi amsa kiran shiga soja, su kuma suna ganin wannan yaƙi ne da karatun Attaura.

Rigimar ta girmi mafi yawan waɗanda suka tsaya a titin, domin tare da ƙasar aka haife ta. Ta hana kafa gwamnati, ta jawo an sake zaɓe, tana cikin abin da ya ci kujerar ministan tsaro ana tsakiyar yaƙi. Mai kallo daga nesa yakan ɗauki Yahudawan Isra'ila a matsayin tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A kan wannan batu kuwa sun rabu, kuma kowane ɓangare da littafinsa a hannu.

## Su wane ne 'yan Haredi

Kalmar ta Ibrananci ce, an ciro ta daga littafin Annabi Ishaya, ma'anarta masu rawar jiki saboda tsoron maganar Ubangiji. Su ne Yahudawan da suka fi kowa tsanantawa wajen bin shari'ar addininsu da nisantar rayuwar zamani. Suna da garuruwa da unguwanninsu, kamar Bnei Brak kusa da Tel Aviv, Mea Shearim a Birnin Ƙudus da wani babban sashe na Beit Shemesh. Suna da makarantunsu da jaridunsu, har da wayoyin hannu da malamai suka tantace. Sun kai kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari na mutanen ƙasar, kuma mace ɗaya a cikinsu tana haihuwar 'ya'ya shida ko fiye a matsakaicin lissafi.

Ginshiƙin rayuwar namiji a wurinsu shi ne yeshiva, makarantar da samari ke zama daga safe har dare suna nazarin Talmud, tarin muhawarorin malaman Yahudawa na dā a kan shari'a. Bibbiyu ake karatun, kowa da abokin musunsa, ana ɗaga murya ana kai gwauro ana kai mari a kan jimla ɗaya. Wanda ya yi aure yakan ci gaba a wata makarantar ta magidanta da ake kira kolel, ana ba shi ɗan alawus, sau da yawa kuma matarsa ce ke fita aiki ta riƙe gidan.

Akwai kuskure biyu da ake yawan yi. Na farko shi ne ɗaukar duk Bayahude mai riƙo da addini a matsayin ɗan Haredi. Akwai wani babban rukuni, masu haɗa addini da aƙidar Sahyoniyanci, waɗanda ake gane mazansu da ƙaramar hula saƙaƙƙiya mai launi. Su suna shiga soja, har ma suna ɗaukar hakan ibada. Na biyu shi ne ƙungiyar Neturei Karta, waɗanda ake yawan ganin hotunansu riƙe da tutar Falasɗinu. 'Yan Haredi ne, amma 'yan tsiraru ne ƙwarai. Mafi yawan 'yan Haredi suna jefa ƙuri'a, jam'iyyunsu suna riƙe ma'aikatu, makarantunsu suna karɓar kuɗin gwamnati.

## Daga ɗalibai 400

Dokar Isra'ila ta wajabta aikin soja ga mai shekara 18: maza wata 32, mata wata 24, bayan nan kuma mutum ya zama sojan ko-ta-kwana da za a iya kira duk lokacin da aka buƙata. Ba a kiran Larabawa Musulmi da Kirista 'yan ƙasa, amma mazan Duruz, wata ƙaramar al'umma mai magana da Larabci da ke da addininta daban, suna cikin wajibcin tun 1956. Mace mai riƙo da addini kan samu sassauci da zarar ta bayyana hakan a hukumance.

A 1948 firaminista na farko, David Ben-Gurion, wanda shi kansa ba mai riƙo da addini ba ne, ya amince a ɗage wa ɗaliban yeshiva kimanin 400 shiga soja. Shekara uku kenan da ƙarewar kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan shida, wanda ya shafe manyan makarantun Poland da Lithuania tare da malamansu. Hujjar malaman da suka tsira ita ce a bar musu 'yan tsirarun nan su raya ilimin da aka kusa binnewa. Aka sa wa tsarin suna da Ibrananci, ma'anarsa “Attaura ce sana'arsa”. Sharaɗinsa shi ne mutum ya zauna a makaranta, kada ya kama wani aiki.

A 1952 Ben-Gurion ya je Bnei Brak wurin babban malamin Haredi na lokacin, wanda aka fi sani da Hazon Ish, ya tambaye shi yadda masu addini da marasa addini za su zauna a ƙasa ɗaya. Yadda aka ruwaito, malamin ya kawo masa misali daga Talmud: raƙuma biyu sun haɗu a ƙunƙuntar hanya, ɗaya da kaya ɗaya ba kaya, to marar kayan ne zai kauce. Nufinsa, masu addini su ne ke ɗauke da kayan shekaru dubbai. Ben-Gurion ya mayar masa da tambaya: tsare iyaka da karɓar baƙin haure da gina ƙasa, su ba kaya ba ne? Har yau 'yan siyasar ƙasar suna jifan juna da wannan misali, wasu lokutan a mayar da raƙuman keken doki.

Adadin ya zauna ƙarami har 1977, lokacin da Menachem Begin na jam'iyyar Likud ya ci zaɓe, ya nemi goyon bayan jam'iyyar Haredi ta Agudat Israel, ya cire iyakar yawan waɗanda za a ɗage wa. Daga nan yawan haihuwa ya yi sauran aikin. Zaman yeshiva, wanda a Turai na zaɓaɓɓun hazikai ne, ya zama hanyar kusan kowane saurayi ɗan Haredi, mai ƙwaƙwalwar karatu da marar ita.

## Kotu ta soke, majalisa ta sake rubutawa

A 1998 Kotun Ƙoli ta ce ministan tsaro ba shi da hurumin sassauta wa dubban mutane da alƙalaminsa, sai majalisar dokoki, wato Knesset, ta yi doka. Majalisa ta yi dokar Tal a 2002, kotu ta soke ta a 2012 saboda ta saɓa wa daidaito. A 2014, lokacin da jam'iyyun Haredi ba sa cikin gwamnati, aka yi wata mai ɗauke da hukunci. Da suka dawo a 2015 aka zare mata haƙora, kotu ta sake sokewa a 2017. Gwamnatoci suka yi ta neman ƙarin wa'adi har dokar ta ƙare a ƙarshen Yunin 2023 ba tare da an maye gurbinta ba.

Tsakanin nan ne, bayan zaɓen Afrilun 2019, Avigdor Lieberman, shugaban wata jam'iyya mai adawa da sassaucin, ya ƙi shiga gwamnatin Benjamin Netanyahu a kan wannan batu. Netanyahu ya rasa rinjaye, ƙasar ta shiga jerin zaɓuka biyar cikin ƙasa da shekara huɗu.

Ranar 25 ga Yunin 2024 alƙalai tara suka yanke hukunci baki ɗaya: tunda babu dokar da ta ba da sassauci, dole a kira ɗaliban yeshiva kamar kowa, kuma gwamnati ba za ta ci gaba da biyan makarantu kuɗin ɗaliban da ya kamata a ce suna bariki ba. A lokacin samari kimanin 63,000 hukuncin ya shafa. Kotu ba ta ce ba za a taɓa yin sassauci ba. Abin da ta ce shi ne sai da doka, dokar kuma sai ta tsallake ma'aunin daidaito, wanda duk na baya suka fāɗi.

## Abin da yaƙi ya canza

Kafin 7 ga Oktoban 2023, shugabannin sojin ma ba su matsa ba. Ɗaukar ɗan Haredi yana da tsada: sai abinci mai tsananin tantancewa, sai sansanin da ba mata, sai lokutan addu'a da karatu, idan magidanci ne kuma sai kuɗin iyali. Muhawarar ta fi zama ta adalci a kan ta buƙata.

Harin Hamas, wanda ya kashe mutum kimanin 1,200, da yaƙin da ya biyo baya a Gaza da Lebanon sun juya wannan lissafi. An kira sojojin ko-ta-kwana wajen 300,000. Malamin makaranta, mai shago, injiniya, uban 'ya'ya uku, sai a kira shi ya yi wata biyu, ya dawo gida, kafin ya daidaita a sake kira. Wasu sun tara ɗaruruwan kwanaki. Rundunar ta fito ta ce tana da giɓin sojoji fiye da 10,000. Alhali kowace shekara samarin Haredi kimanin 13,000 ne ke cika 18, waɗanda ke shiga soja a cikinsu kuma ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba.

Babban sauyin ya faru ne a cikin masu addinin kansu. Masu saƙaƙƙiyar hula suna da nasu makarantun da ake kira hesder, inda saurayi ke haɗa karatun Talmud da aikin soja cikin shekara biyar. Sun binne 'ya'yansu da yawa a wannan yaƙi, har da malamai magidanta. A dā sukan rufa wa 'yan Haredi baya saboda darajar Attaura. Yanzu daga cikinsu ake jin muryoyi mafi zafi, musamman matan sojoji da iyayen waɗanda aka kashe. Tsohon firaminista Naftali Bennett, mai sa hular addini, yana cikin masu cewa a ɗauki kowa. Wannan ya raunana tsohuwar amsar 'yan Haredi cewa maƙiya addini ne kawai ke neman su.

## Hujjar kowane ɓangare

Malaman Haredi suna cewa karatun Attaura shi ne ya raya Yahudawa shekaru dubu biyu ba ƙasa ba runduna, kuma shi ne ke kare ƙasar a yau kamar yadda bindiga ke kare ta. Suna kafa hujja da Musa bin Maimun, malamin ƙarni na 12 da ya rayu a Masar, wanda ya rubuta cewa ƙabilar Lawi ba ta fita yaƙi domin an keɓe ta ga bauta, kuma duk wanda ya keɓe kansa haka ya shiga sahunta. Akwai kuma dalili na biyu da suka fi faɗa a tsakaninsu: bariki wuri ne da ake narka mutane su zama iri ɗaya, kuma saurayin da ya shiga da malafa da wuya ya fito da ita. Wannan tsoron shi ya sa wasu manyan malamai ke hana ko da wanda ba ya karatu shiga soja. A Maris 2024 babban malamin Yahudawan Sefardi (waɗanda galibi asalinsu ƙasashen Larabawa da Arewacin Afirka ne) na lokacin, Yitzhak Yosef, ya ce idan aka tilasta musu za su bar ƙasar. Masu tsattsauran ra'ayi a cikinsu kan tare hanya suna rera cewa gara su mutu da su sa kaki.

Ɗaya ɓangaren ma daga littattafan yake amsawa. Suna kawo tambayar da Annabi Musa ya yi wa ƙabilun Gad da Ra'ubainu a Littafin Ƙidaya, lokacin da suka nemi zama a hayin Urdun: 'yan'uwanku za su tafi yaƙi ku kuna zaune a nan? Suna kawo hukuncin Mishna, tsohon littafin shari'ar da Talmud ke sharhi a kansa, cewa a yaƙin wajibi kowa yana fita, har ango daga ɗakinsa. Suka ƙara da cewa Musa bin Maimun ɗin da ake jingina da shi ya yi kakkausan suka ga mai karatu yana cin abinci daga aljihun jama'a. Marasa riƙo da addini kuwa takensu gajere ne, “daidaito wajen ɗaukar nauyi”, kuma tambayarsu ita ce me ya sa jinin ɗan wata ya fi na ɗan wata.

Kowane ɓangare yana da inda takalmi ke matsa masa. Ga 'yan Haredi, sanannen abu ne cewa akwai samari masu yawa da sunansu ke rajistar yeshiva amma ba sa zaman karatu, hujjar ƙabilar Lawi kuma ba ta rufe su. Ga masu neman a ɗauki kowa, babu wanda ya nuna yadda za a kulle dubun-dubatar mutane, ko amfanin sojan da aka jawo da ƙarfi. Sannan 'yan Haredi kan tambaya: in daidaito ake nema, me ya sa ba a kiran Larabawa, waɗanda suka kai kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasa? Lieberman ya amsa da cewa kowa ya yi hidima, ta soja ko ta farar hula. Mafi yawan jam'iyyu sun gwammace su bar wannan ƙofa a rufe.

Rundunar ta gwada hanyar tsakiya. Tun 1999 akwai bataliyar Netzah Yehuda, a farkon 2025 kuma aka fara ɗaukar samari a sabuwar birged ta Hasmonean, wadda aka tsara ta kan ƙa'idojin Haredi. Masu zuwa ba su da yawa, kuma galibinsu daga gefen al'ummar suke fitowa.

## Lissafin kujeru 61

Knesset tana da kujeru 120, ana buƙatar 61 don samun rinjaye, kuma babu jam'iyyar da ta taɓa cin wannan adadi ita kaɗai a zaɓe. A zaɓen Nuwamban 2022 ƙawancen Netanyahu ya samu 64. A ciki Shas, jam'iyyar Haredi ta Yahudawan da asalinsu ƙasashen Larabawa da Arewacin Afirka ne, ƙarƙashin Aryeh Deri, tana da 11. United Torah Judaism, ta waɗanda asalinsu Turai ne, tana da 7. In aka cire 18 daga 64, gwamnati ta faɗi. Su kuma 'yan majalisar waɗannan jam'iyyu ba su ke yanke shawara ba, majalisun manyan malamai ne ke ba su umarni.

An yi musu alkawarin dokar sassauci tun a yarjejeniyar kafa gwamnati. Matsalar Netanyahu ita ce dokar da za ta gamsar da malamai ba za ta wuce kotu ba, kuma magoya bayan jam'iyyarsa ta Likud da yawa sojojin ko-ta-kwana ne. Ministan tsaro Yoav Gallant ya ƙi sa hannu a kan doka mai laushi, aka sallame shi a Nuwamban 2024, shi da bakinsa ya lissafa wannan batu cikin dalilan korar. Yuli Edelstein, ɗan Likud da ke shugabantar kwamitin tsaro da harkokin waje na Knesset, ya dage sai an sa hukunci na gaske. A Yulin 2025 United Torah Judaism ta fice daga gwamnati, Shas ta ajiye muƙaman ministoci amma ba ta bar ƙawancen ba. Wata mai bi aka tsige Edelstein aka ɗora Boaz Bismuth, wanda ya kawo daftari mai sauƙi da 'yan adawa suka kira dokar gudun soja, wasu 'yan Likud ma suka ce ba za su zaɓe shi ba.

Jam'iyyun Haredi suna da sanda a hannu: idan ba a amince da kasafin kuɗi ba zuwa ƙarshen Maris, majalisa ta rushe da kanta. Amma sandar tana da baki biyu, domin duk gwamnatin da 'yan adawa za su kafa za ta fi wannan tsanani a kansu. Shi ya sa suke fita da ƙafa ɗaya su bar ɗaya a ciki.

## Yadda abin ke shiga gidaje

A gidan ɗan Haredi, tasirin ya fara da aljihu. An yanke kuɗin makarantu na ɗaliban da hukuncin ya shafa, har manyan malamai suka tafi Amurka neman taimakon attajirai. Antoni Janar Gali Baharav-Miara ta ba da umarnin a daina ba iyalansu rangwamen kuɗin gidan rainon yara, wanda shi ke ba matar damar fita aiki. Saurayin da ya yi biris da takardun kira yana zama mai gudun soja a idon doka, ana iya kama shi a filin jirgin Ben-Gurion ko a duk inda ya yi karo da 'yan sanda. Idan kuma ya amsa kiran, akwai wani farashin a gida. A al'ummar da ake haɗa aure ta hannun 'yan tsakani, ana binciken makarantar yaro da sunan gidansu, kaki na iya rage masa kasuwa, ya shafi auren ƙannensa mata. An sha samun sojojin Haredi da ke cire kaki kafin su shiga unguwarsu.

A gidan sojan ko-ta-kwana kuwa, duk wanda ba a ɗauka ba yana nufin ƙarin kwanaki ga wanda aka riga aka ɗauka. Shago na rufe, karatun jami'a ya tsaya, uwa na fama da yara ita kaɗai, masu ɗaukar ma'aikata na ɗari-ɗari da wanda za a iya kira gobe.

Akwai kuma abin da masana tattalin arziki suka fi damuwa da shi. Tunda sharaɗin sassaucin a tsohon tsarin shi ne zama a makaranta har shekara 26, tsarin da kansa yana hana saurayi neman sana'a a shekarun da ake koyon ta. Kusan rabin mazan Haredi ne kawai ke aiki, alhali matansu sun kai kashi 80 cikin ɗari. Wannan ya sa wasu ke ba da shawarar a rage shekarun, a sake su su shiga kasuwa su biya haraji ko da ba su sa kaki ba, shawarar da iyalan sojoji ke gani a matsayin sakawa mai laifi da alheri. Ko da an yi hakan, makarantun samarin Haredi da yawa ba sa koyar da lissafi da Turanci bayan firamare, kuma a yau kusan ɗalibi ɗaya cikin huɗu a makarantun Yahudawan ƙasar ɗan Haredi ne.